Sisi a Kan Kowace Dila: 'Yan Kasuwa da Binciken Kimiyya a Tarihin Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun

Gabatarwa

Talatar Mafara da Bakura da Maradun garuruwa ne da Gulbin Sakkwato ya ƙulla wa zumunci tun kafin a san wani abu wai shi ƙaramar hukuma. A cikin shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, ƙasar ta karɓi baƙi iri-iri masu ɗauke da ma'auni da littafin rubutu. Daga cikinsu akwai masu gwajin irin auduga, akwai masu awon ƙasa da ruwa, akwai kuma injiniyoyin dam. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan baƙi akwai wanda ya biya kuɗin karatunsa, akwai kuma wanda ya biya kuɗin tafiyarsa. Idan ana ba da tarihin irin waɗannan ayyuka, gwamnati aka fi ambata, alhali sau da yawa daga aljihun 'yan kasuwa kuɗin suka fito.

Wannan maƙala za ta bi sawun waɗannan kuɗi, ta duba yadda ƙungiyoyin 'yan kasuwa suka ɗauki nauyin matasan masana kimiyya da bincikensu, da kuma abin da hakan ya haifar wa manomin wannan yanki. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Haka abin yake ga mai bincike: wanda ya biya kuɗin aikin shi ke zaɓar tambayar da za a nemo amsarta. Tarihin Mafara da Bakura da Maradun ya nuna amfanin irin wannan tallafi, ya kuma nuna abin da ke faruwa idan mai biyan kuɗin yana nesa da gonar da ake bincike a kanta.

Kaɗa Kafin Zuwan Turawa

Auduga, wadda mutanen Zamfara da Sakkwato ke kira kaɗa, tsohuwar shuka ce a ƙasar Hausa. Manomi ya shuka ta, mata su gurje ta a kan magurji su raba ta da angurya, su kaɗa ta da mazari ta zama zare ko abawa. Daga nan sai masaƙi ya karɓa ya fitar da sawaye, marini ya tsoma a karofi, ɗan kasuwa ya ɗora wa jaki ko raƙumi. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da birnin ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Ƙasar Zamfara na cikin yankunan da ke noman kaɗar da wannan babbar sana'a ta dogara a kanta, kuma kasuwar ranar Talata da ta ba Mafara sunanta tana cikin wuraren da ake hada-hadarta.

A wancan zamani ma dukiyar kasuwa tana ciyar da ilimi. Attajiri kan saukar da malami a gidansa, ya biya ladan mai kwafar littafi, ya fitar da zakka wadda almajirai ke cikin masu cin moriyarta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya hori shugaba da ya kula da masu sana'a da 'yan kasuwa, ya zaunar da su a garuruwa, domin al'umma ba ta tsayuwa sai da su. Shi kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Ke nan al'adar mai dukiya ya tallafi mai ilimi ba baƙuwa ba ce a nan. Abin da ƙarni na ashirin ya zo da shi sabo shi ne 'yan kasuwa su haɗu a ƙungiya, su yanka wa kansu haraji, su ɗauki matasa aikin bincike na shekara da shekaru a kan shuka guda.

Yunwar Auduga a Lankasha

Labarin ya faro ne daga Lankasha, yankin masaƙun Ingila, wanda birnin Manchesta ke jagoranta. Masaƙun sun dogara ne ga audugar Amurka. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Amurka tsakanin 1861 da 1865, sai auduga ta yanke, injina suka tsaya, dubban ma'aikata suka rasa abin kai wa baka. Masu masana'antun ba su manta da wannan wahala ba. A 1902 suka haɗa kai da 'yan kasuwa da ƙungiyoyin ma'aikatansu suka kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Birtaniya, wato BCGA, domin neman auduga daga ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkinsu. Bakin Bahaushe ya mayar da sunan Bisije, kuma har yau akwai wuraren da ake kira da wannan suna a garuruwan da ƙungiyar ta kafa injinan gurza.

Idon Bisije ya faɗa kan Arewacin Nijeriya tun da wuri, saboda ta ga ƙasa ce da mutanenta suka riga suka ƙware a noman auduga. Tana cikin waɗanda suka matsa wa gwamnatin Ingila lamba a shimfiɗa layin dogo daga Baro zuwa Kano, wanda ya isa birnin a 1911. Sai dai lissafin ya zo da gardama. Ƙungiyar tana tayin kwabo ɗaya a kan kowace laba, alhali masaƙan gida suna biyan fiye da haka. Manoman Kano kuwa, da suka ga farashin da fatake ke bayarwa, sai suka karkata ga gyaɗa, har jirgin da aka shimfiɗa don auduga ya koma ɗaukar buhunan gyaɗa. Bugu da ƙari, audugar gida gajeren gashi ne da ita, ba ta dace da injinan Lankasha ba.

A nan ne 'yan kasuwar suka gane cewa kuɗi da jirgin ƙasa kaɗai ba su isa ba, sai an haɗa da ilimin iri. A 1912 aka shigo da wani irin auduga ɗan asalin Amurka mai dogon gashi, mai suna Allen, ta hanyar Yuganda, aka gwada shi a ƙasar Zazzau. Ya karɓi ƙasar. Daga nan aka riƙa raba anguryarsa kyauta ta hannun hakimai da dagatai, aka kafa fulotai inda ake tantance darajar auduga kafin a saya. A shekarun 1920 Bisije ta kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi da Gusau, layin dogo kuma ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Daga baya aka ƙara wani injin a Mayanci, a kan hanyar Gusau zuwa Talatar Mafara. Ta haka kaɗar Mafara da Bakura da Maradun ta shiga sahun wadda ake ɗaurewa dila-dila a tura bakin teku.

Harajin Sisi

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, masu masaƙun Ingila da gwamnatinsu suka ga cewa saye da gurza wani aiki ne, bincike kuma wani aiki ne daban mai bukatar gida na kansa. A 1921 aka kafa Hukumar Noman Auduga ta Daular Birtaniya. Gwamnati ta ba ta jarin kusan fam miliyan ɗaya daga ribar da ta samu a cinikin audugar Masar lokacin yaƙi. Su kuma masu injinan kaɗi suka yarda su riƙa biyan sisi a kan kowace dilar auduga da suka saya. Da farko biyan na ganin dama ne, amma a 1923 majalisar Ingila ta mayar da shi doka, domin kada wasu su riƙa cin moriya ba tare da sun sa hannu ba.

Sisi ba wani kuɗi ba ne idan aka kwatanta da farashin dila guda mai nauyin laba 500. Amma da yayyafi kogi kan cika. Masaƙun Lankasha suna cin miliyoyin diloli a shekara, kuma harajin yana shigowa ko an yi riba ko ba a yi ba. Wannan tabbaci shi ya ba hukumar damar tsara aikin da ba ya nuna sakamako sai bayan shekara goma, domin mai gyaran iri sau ɗaya yake ganin amsar gwajinsa a shekara, wato bayan damina.

Wani kaso na kuɗin an kashe shi ne a kan matasa. Hukumar ta riƙa zaɓar samari da suka kammala digirin farko a fannin tsirrai ko aikin gona, ta biya musu ƙarin karatu a Ingila, musamman a Kambirij, sannan ta tura su kwalejin aikin gona ta ƙasashe masu zafi da ke tsibirin Tirinidad. Daga nan sai a rarraba su zuwa Sudan da Yuganda da Tanganyika da Nijeriya. A 1926 ta buɗe tashar binciken auduga a Tirinidad, inda aka sakar wa masana mara su yi nazarin yadda auduga ke gadon halayenta, ko da kuwa amfanin nazarin bai bayyana nan take ba. Ɗaya daga cikin samarin da suka fara aiki a can, Joseph Hutchinson, ya kai ga shugabantar babbar tashar hukumar ta Namulonge a Yuganda, daga baya kuma ya zama farfesan aikin gona a Kambirij a 1957. Sisin masu masaƙa ne ya raini wannan ilimi tun yana tsiro.

A Arewacin Nijeriya, hukumar ta kafa gonar yawaita iri a Daudawa, kusa da Funtuwa, a tsakiyar shekarun 1920, ta kuma riƙa aiko da masananta su yi aiki a tashar binciken gwamnati ta Samaru, wadda aka kafa a 1922. Tsarin aikin kamar tsani yake. Mai bincike ya zaɓi tushe mafi kyau a Samaru, a kai 'ya'yansa Daudawa a yawaita, a ba manoman kewaye su ƙara yawaitawa, a gurje audugarsu daban don kada iri ya gauraya, sannan a watsa anguryar zuwa sauran lardunan. Ta wannan hanya aka fitar da irin da ake kira Samaru 26C, daga baya kuma Samaru 26J, dukansu jikokin Allen. Su ne suka mamaye gonakin gabashin Lardin Sakkwato, wanda ya haɗa da ƙasar da muke magana a kanta. Allen ɗin da ya saba da ƙasar Hausa har ya ƙetare zuwa Chadi da Kamaru, kuma daga jikinsa aka tsamo iri mai jure cutar baƙin reshe da aka yi amfani da shi a gabashin Afirka.

Tambayar da Aka Makara Ba a Yi Ba

Babu mai musun cewa wannan aiki ya yi amfani. Auduga ta zama hanyar biyan haraji da yin hidimar aure da sayen dabbobi ga dubban magidanta, kuma ita ce ta ba da ginshiƙin kafa masaƙar Kaduna a 1957 da masaƙar Zamfara a Gusau a 1965. Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata a auna.

Na farko, samarin da aka biya wa karatu galibinsu 'ya'yan Ingila ne. Ɗan ƙasa kuwa makarantar aikin gona ta Samaru ce iyakarsa, inda ake horar da shi ya zama malamin gona mai isar da umarni. Sai a 1962, da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello aka haɗe mata tashar Samaru a matsayin Cibiyar Binciken Aikin Gona, sannan ƙofa ta buɗe sosai ga ɗan Arewa ya zama mai binciken da kansa. Shekara arba'in ke nan bayan fara karɓar sisin.

Na biyu, tambayar da aka ɗora wa masu binciken ita ce yadda za a sami auduga mai yawa, mai tsawon gashi, wadda ta dace da injin. Saboda haka shawarar da ke fitowa daga Samaru ita ce a shuka auduga da wuri cikin watan Yuni, a shuka ta ita kaɗai a gona, a yi mata feshi. Manomi kuwa ya ci gaba da jinkirta ta har Yuli, yana kuma cusa ta cikin gero da dawa. Shekara da shekaru ana ɗora laifin a kan taurin kai da rashin wayewa. Sai da wani masanin tattalin arzikin karkara, David Norman, da abokan aikinsa suka zauna da manoma a ƙauyukan Zariya tun daga tsakiyar shekarun 1960, suka kuma bi manoman auduga na yankin Daudawa a farkon shekarun 1970, sannan gaskiya ta fito fili. Yuni da Yuli su ne lokacin noman farko na hatsi, lokacin da kowane hannu a gida yake da aiki. Magidancin da ya bar geronsa cikin ciyawa ya tafi hidimar auduga ya sayar da abincin iyalinsa ne a kan kuɗin da ba zai gani ba sai bayan kaka. Haɗa shuka kuma inshora ce a ƙasar da ruwan sama ba shi da tabbas. Bayan wannan bincike ne masana suka fara mai da hankali ga abin da zai dace da shukar baya. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa, amma an ɗauki kusan rabin ƙarni kafin a tambaye shi.

Ya kamata a ƙara da cewa tun daga 1949 manomi ma yana cikin masu biyan kuɗin binciken, ko da bai sani ba. A wannan shekara aka kafa hukumar cinikin auduga ta Nijeriya, wadda a 1954 aikinta ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Hukumar ita ke yanka farashi, kuma takan biya manomi ƙasa da abin da ta sayar a kasuwar duniya. Ƙa'idar da aka shimfiɗa wa rarar ita ce kashi 70 cikin ɗari don daidaita farashi, kashi 22.5 don ayyukan raya ƙasa, kashi 7.5 don bincike. Masu masaƙun Lankasha da suka biya sisi suna da wakilai a majalisar hukumarsu. Manomin Bakura da aka zaftare wa farashi ba shi da kujera a inda ake yanke shawarar abin da za a bincika da kuɗinsa. A tsakiyar shekarun 1970 hukumar binciken audugar ta Ingila ta naɗe tabarmarta, a 1986 kuma gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin ciniki, har da ta auduga mai hedikwata a Funtuwa. Tsanin da ke kai iri mai kyau daga Samaru zuwa gona ya karye daga lokacin, iri ya gauraya, noman auduga ya ja baya, masaƙu kuma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya.

Bakolori

Idan tarihin auduga ya nuna illar mai biyan kuɗi ya kasance nesa, tarihin dam ɗin Bakolori ya nuna illar mai bincike da mai cin ribar aiki su zama abu guda. A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kammala nazarin ƙasa da ruwan kwarin Sakkwato, ta ba da shawarar a fara da matsakaicin aiki, a riƙa faɗaɗa shi sannu a hankali yayin da manoma ke sabawa da shi. Amma da kuɗin man fetur suka shigo a farkon shekarun 1970, sai aka ba kamfanonin Italiya aikin sake nazarin, cikinsu har da Impresit, wanda ke da alaƙa da kamfanin Fiat. Sabon nazarin ya zo da tsari mafi girma da tsada, kuma Impresit ɗin ne ya sami kwangilar ginin a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima.

An kammala dam ɗin a 1978 a kusa da Maradun. Tafkinsa ya mamaye kimanin hekta 8,000, yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, an kuma tsara ya shayar da hekta 23,000 a tsakanin Talatar Mafara da Bakura, mafi yawansu ta hanyar famfunan feshi masu bukatar wuta da kayan gyara daga waje. Ta fuskar injiniyanci gagarumin aiki ne. Amma dubban mutanen da ruwa ya cinye gidajensu da fadamunsu an mayar da su kan tudu mai tsakuwa. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin ban ruwa kuwa an hana su shuka har na damina da dama ana baje ƙasa, an sare musu itatuwa, diyya kuma ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyin aiki. A ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, wasu majiyoyi kuma suka ce sun haura 300.

Binciken da ya bayyana abin da dam ɗin ya yi wa mutane ya fito ne daga jami'o'i, bayan an riga an yi ɓarnar. Bjorn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya rubuta tarihin rikicin manoman da hukuma a 1985. William Adams, wanda a lokacin matashi ne mai neman digirin digirgir, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da dam ɗin, ya nuna cewa raguwar ambaliyar shekara-shekara ta sa fadamun shinkafa sun koma na gero da dawa, kamun kifi ya ragu, noman rani ma ya yi wuya saboda ruwan ƙasa ya yi nisa. Duk waɗannan abubuwa ne da za a iya hangowa da an kashe ɗan kaso kaɗan na kuɗin kwangilar wajen tura masu bincike masu zaman kansu su zauna da masunta da manoman fadama kafin a zuba siminti. Famfunan feshin ma ba su yi tsawon rai ba, kuma a farkon shekarun 2000 sashen da ruwa ke gangarawa da kansa ta magudanai ne ya rage yana aiki. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kusan dala miliyan 500 don gyara manyan ayyukan ban ruwa na Arewa, Bakolori na cikinsu, kuma wannan karon an sa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a cikin tsarin.

Makarantu Sun Iso Gida

Babban abin da ya bambanta yau da zamanin Bisije shi ne masu binciken sun zama 'yan gida. A 1992, lokacin Gwamna Yahaya Abdulkarim na tsohuwar Jihar Sakkwato, aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha a Talatar Mafara, wadda daga baya aka raɗa wa sunan Injiniya Abdu Gusau. Bayan ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, Bakura ta zama mazaunin kwalejin aikin gona ta jiha, a 2018 kuma Jami'ar Jihar Zamfara ta samu amincewa, mazauninta a Talatar Mafara. Cibiyar Samaru ma tana da tashar binciken noman rani a yankin.

Kuɗin 'yan kasuwa na isa ga manyan makarantun gwamnati a yau ta wata doguwar hanya. Dokar harajin ilimi ta 1993, wadda ta biyo bayan yarjejeniyar gwamnati da ƙungiyar malaman jami'o'i ta 1992, ta ɗora wa kamfanoni biyan kashi 2 cikin ɗari na ribarsu. A 2011 asusun ya koma TETFund, a 2023 kuma aka ɗaga harajin zuwa kashi 3. Da shi ake gina azuzuwa da ɗakunan gwaji, ake tura malamai ƙaro karatu, ake kuma ba da tallafin bincike. Tsarin ya yi kama da harajin sisi, sai dai a Abuja ake rabonsa, kuma kamfanin da ya biya a Legas bai san da zaman mai casar shinkafa a Mafara ba.

Matasan da za su yi wannan bincike kuwa suna karatu ne cikin hali mai wuya. A shekarar 2021 kaɗai 'yan bindiga sun kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ta ƙasar Talatar Mafara a watan Fabrairu, sun afka wa kwalejin aikin gona ta Bakura a watan Agusta, sun kuma ɗauke ɗalibai 73 daga makarantar Kaya ta ƙasar Maradun a farkon Satumba. Yaron da ya jure wannan har ya kammala digiri a fannin ƙasa ko tsirrai, idan bai sami mai riƙe hannunsa a gida ba, Kaduna ko Abuja zai nufa, iliminsa ya tafi tare da shi.

Kammalawa

Waiwaye adon tafiya. Daga tarihin da ya gabata ana iya tsamo abin koyi da abin gudu. Abin koyi daga masu masaƙun Lankasha shi ne sun yanka wa kansu ɗan abu kaɗan mai ɗorewa, sun damƙa shi ga hukuma mai lissafi a fili, sun kashe shi a kan matasa, sun kuma yi haƙurin jiran sakamako. Abin gudu shi ne abin da ya sami manomin auduga, wanda aka bincika gonarsa ba a tambaye shi ba, da abin da ya faru a Bakolori, inda mai nazari ya zama shi ne mai kwangila.

Ƙasar Mafara da Bakura da Maradun ba ta rasa ƙungiyoyi ba. Akwai na 'yan hatsi da masu casar shinkafa, akwai na dillalan dabbobi da masu kayan gwari, ga kuma na masu amfani da ruwan Bakolori. Sun saba da tara kuɗin ƙungiya da adashi, sun san la'ada da kamasho. Naira 100 a kan kowane buhu, idan aka yi cinikin buhu 10,000, ta zama naira miliyan ɗaya, kuɗin da za su taimaka wa ɗalibi ya yi gwajin damina guda a gonar mahaifinsa. Tambayoyin ma suna nan a bakin kasuwa: me zai rage karyewar shinkafa a injin casa, ta yaya albasa za ta kai bazara ba ta ruɓe ba, wace dabara ce mafi sauƙi ta kwashe laka daga magudanai, wane iri ne zai nuna kafin tsuntsayen jan baki su sauka. Sharaɗin kawai shi ne manomi da masunci su sami kujera a kwamitin zaɓar tambaya, malaman makarantun su tantance ingancin aikin ba tare da tsoron ɓata wa mai kuɗi rai ba, ɗalibin kuma ya dawo ya karanta sakamakonsa da Hausa a gaban waɗanda suka biya.

Shekara ɗari da suka wuce, 'yan kasuwar da ba su taɓa ganin Gulbin Sakkwato ba sun biya sisi-sisi har suka sauya irin da ake shukawa a gaɓarsa. Waɗanda ke cin kasuwar Talata a yau suna da abin da Bisije ba ta taɓa samu ba, domin gonar tasu ce, matsalar a gabansu take, masu binciken kuma 'ya'yansu ne.